Sunan da Rabi Ba Ta Faɗa Ba

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Ke Zainabu jikata, ke na fi nufi, tunda ke ce kika ce a gaban ƙawayenki wai aikin ungozoma ba wani abu ba ne, reza ce da zare, sauran Allah ne ke yi. Kin yi gaskiya, Allah ne ke yi. Tuƙin jirgin alhazai ma Allah ne ke yi, amma ban ga an miƙa miki ba. To ku zauna ku ji, ku da kuka tashi da Larabci a baki, kuke ganin don kun leƙa makarantar jinya kun san yadda ake shiga ɗakin mace mai naƙuda.

Da goyo na shigo garin nan, ni da kakanku, Allah ya ji ƙansa. Muka yi hajji, jirgi ya tashi, mu muka zauna. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mana, sai ɗaki guda a kan dutse bayan Kudai, inda ruwa ma sai an hau da shi a ka. A nan na haɗu da Inna Ladi, wata tsohuwa Basakkwaciya mai hannu kamar itacen ƙirya, wadda rabin 'ya'yan Hausawan unguwar a tafinta suka faɗo. Na ce ta koya mini sana'a. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini jakarta. Shekaru na yi ina ɗaukar jakar nan ban taɓa reza ba.

Abin da ta fara koya mini shiga gida ne. Ku da aka haifa da takarda ba ku san wannan ba. Gidan da babu iƙama, ƙwanƙwasa ƙofa kaɗai ya isa ya tsinka cikin mace, domin 'yan jawazat masu kame su ma ƙwanƙwasawa suke yi. Inna Ladi ba ta taɓa buga ƙofar kowa ba. Tun daga ƙasan bene take ɗaga murya, masu gida Ladi ce, sai ki ji ana zare sakata. In an shiga kuma, ido yana da nasa ladabin. Za ki ga ƙarti sun cika ɗakin da aka kama wa mutum biyu, ba ki gani ba. Za ki ga kayan tallan da aka gudo da su daga hannun 'yan baladiyya masu korar 'yan talla, ba ki gani ba. Takan ce ungozomar da bakinta ya fi hannunta sauri ba ta tsufa a sana'a.

Jakar kuwa babu abin kallo a ciki. Reza sabuwa cikin takardarta, wadda ba ta taɓa gashin kowa ba. Zaren da aka dafa aka shanya. Man zaitun, sabulu, leda mai faɗi ta shimfiɗawa, tsummoki wankakku. Daga baya safar hannu ta shigo, muka karɓa. Ganyen wankan jego shi ne wahala. A gida bayan gari za ki fita ki karyo, nan kuwa dutse ne da kwalta. Sai Allah ya sa aka cika filin Arfa da darbejiya. In aka rage rassa gabanin hajji, sai 'yan'uwanmu masu shara su ɗauro mana, mu shanya a kan rufi. Matan da aka fyaɗa wa ruwan zafi da ganyen Arfa a garin nan, Allah kaɗai ya san yawansu.

Cibiyar da na fara yankewa ta ɗan wata 'yar Damagaram ce, a shigga, wato ɗakunan haya na bene, saman shagon masu akwatuna, da hantsi, motocin alhazai suna ta ruri a ƙasa. Kai ya leƙo, sai ga cibiya ta naɗe wuya. Na dubi Inna, ta harɗe hannu ta dubi bango. Na zura yatsa biyu na zame ta ta bisa kai, kamar mai cire wa akuya igiya. Yaro ya sulluɓo jiki a sake, ba kuka. Na kife shi a hannu na share bakinsa, na murza bayansa, na murza, har ya yi atishawa ya tsala ihu. Na ɗaure wuri biyu na yanke tsakani. Da muka fito ina jiran yabo, sai ta ce na bar mabiya a roba kamar kayan miya. Ta sa na koma na wanke ta na naɗe a ƙyalle, na ɗauka har gindin dutse na haƙa na binne, domin gidan bene ba shi da ƙasa, uwar tafiya kuma ba shara ba ce.

Rabin sana'ar nan sanin lokacin cire hannu ne. Jini ya ɓalle, ko yaro ya gicciye, ko mace ta fara jijjiga, to sai mustashfa, wato asibiti, ko da daga can gidan tarhil na korar baƙi za a wuce da ita a sa ta jirgi. Na sha zagin maza a kan wannan. Nakan ce wa miji ya zaɓa, ya riƙa kiran matarsa a waya tana Najeriya, ko ya riƙa kai mata ziyara maƙabarta.

Sai kuma tambaya. Dole ungozoma ta san haihuwa ta nawa ce, yaya aka yi a baya, wa ya zauna wa ya koma. Amma ba a tsare 'yar Hausa a ce mata 'ya'yanki nawa, kamar mai ƙirga tumaki. Za ta ce miki Allah ya ba da, ta yi shiru. Balle ɗan fari. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana zancensa sai ta sunkuyar da kai ta kama wani aiki. Ku yanzu kuna ɗora na farinku a waya kuna ce masa habibi. To da kunya ce, har gobe kuma akwai masu yinta. Don haka maƙwabciya ake tambaya, ko a ce wa mai ciki wannan na bayan wa ne, ta faɗi na ƙarshe, ke ki bi sawu baya-baya.

Inna Ladi ta daɗe da rasuwa, muryata ce ake zare wa sakata, lokacin da mutanen jami'a suka zo. Ba zan faɗi wace jami'a ba. Wata mai ƙungiyar taimakon unguwa ce ta kawo su wurina. Mata ne duka. Shugabarsu, wadda muke kira Duktura Babba, farar Balarabiya ce da ƙamshin turarenta kan riga ta isowa. Sai ɗalibai 'yan mata, sai wata Duktura Wafa, baƙa kamar ni, 'yar ƙasa, kakanninta Hausawa ne tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙafa. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Suka ce bincike za su yi a kan lafiyar masu jego da ciwon jini na yara, a unguwarmu da wasu unguwannin Larabawa. Kalmar da suka yi ta nanatawa ita ce sharaka, wato tarayya. Wai mu da su abokan tarayya ne, babu babba babu ƙarami. Za a ɗebi jini, a yi tambayoyi, babu mai kai sunan kowa jawazat, kowace uwa kuma za a dawo a gaya mata abin da aka gani a jinin ɗanta. Komai suna da shi, mota da allura da kwalabe. Ƙofa ce ba su da ita. Ni kuwa ina da ƙofofi.

Saboda Rabi na yarda. Rabi 'yar wajen Katsina ce, mijinta yana tura keken tsofaffi a Harami, mace mai kunya har ta yi yawa. Ni na yanke cibiyar ɗan farinta, namiji. Yaron ya taso hannu da ƙafa suna kumbura, ido ya yi ɗorawa, kuka ba ƙaƙƙautawa, bai yi nisa da yaye ba ya koma. Ta sake haihuwa, mace, Ummi, ita ma ga kumburin ya fara. Na san abin da nake zato, amma zato ba magani ba ne, marar takarda kuma ba ya shiga asibiti a gwada masa jini don kawai ya ga dama. Na ce wa Rabi ga gwaji ya biyo ta har gida, ta san ciwon 'yarta tun da sauran lokaci.

Ta ce, "Iya, in ke kika ce, na buɗe."

Muka fara zagaye. Duktura Babba ba ta hawa dutse. Tana cikin mota da sanyi, sai dai ta sauke gilashi ta ce yalla. Ɗaliban tun daga mota suke sa safar hannu da takunkumi, ba don ɗiban jini ba, don gaisuwa. Su shiga da takalmi har kan tabarmar da ake sallah. A kawo musu ruwa a kofin baƙi, su ce shukran, su zaro nasu daga jaka. A tsaye suke tambaya kamar masu jiran mota. A tsakaninsu kuma Takarna suke ce mana, a gaban idonmu, sai ka ce da bango suke zaune. Kalmar nan in ɗan'uwanka ya ce maka Takari dariya za ku yi, amma in ta fito daga wancan bakin, sai ka dubi hancin mai faɗa. Wafa ake turawa gaba a kowane gida, wai ta fi kusa da mu. Ita kuma tana tafe tana tattare abaya, kada wani ya yi kuskure ya haɗa ta da mu.

Ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun ce kunun kanwar da muke ɗirka wa mai jego yana kumbura ƙafa yana gajiyar da zuciya. Na yi musu gardama, na koma gida na tuna matan da na gani suna haki bayan arba'in. Na rage kanwa na ga bambanci, na bar ta har yau. Ilimi suna da shi. Amma da na ce musu tambayar nan ta 'ya'ya nawa da sunan na fari ba haka ake yinta ba, su bar ni in yi, sai wata ɗaliba da ba ta kai ki shekaru ba, Zainabu, ta ce mini, "Ya Hajja, ke dai buɗe ƙofa, sauran namu ne." To kun ji tarayya. Tasu maganar ta shiga kunnena, tawa ta tsaya a bakin ƙofa tare da takalmana.

A ɗakin Rabi suka ɗebi jinin Ummi tana tsala kuka a cinyata. Suka tambayi haihuwa nawa, Rabi ta ce Allah ya ba da. Na faɗa musu biyu ne, na farkon ya rasu. Suka ce mene ne sunansa. Rabi ta sunkuyar da kai ta kama ninke kayan Ummi. Suka sake tambaya da ƙarfi, kamar in an ɗaga Larabci yakan koma Hausa. Na buɗe baki zan yi bayani, ɗalibar nan ta ɗaga mini hannu, wai amsar uwa ake so. Suka dubi juna, ɗaya ta ɗaga waya ta ɗauki hoto ta gefe, suka fita.

A kwanakin nan ina yi wa wata 'yar Larabawa tausar jego a Aziziyya. Ina gidan sai ga ɗaliban nan sun zo da kwalabensu. Na ga abin mamaki. Ashe takalmansu suna cirewa. Ashe ƙafafunsu suna lanƙwasuwa su zauna. Suka sha gahawa, suka ci dabino, hannu tsirara, har da ɗaukar jariri suna masa wasa. Bayan ɗan lokaci uwar gidan ta nuna mini wayarta, sakamakon jinin jikanta ya zo, har da ranar ganin likita. A unguwarmu kuwa shiru. Rabi ba ta tambaya da baki, sai dai in na shiga ta dubi hannuna. Na tare Wafa na tambaye ta. Ta ce da lambar katin mutum ake turawa, mu ba mu da lamba, amma in sha Allah za a ba da namu ranar babban taro a jami'a, kuma an gayyace mu.

Ku ba ku san abin da ake nufi da marar takarda ta shiga mota ta tsallaka gari zuwa gidan hukuma ba. Rabi ta yi. Ta sa abayarta ta Idi, ta goya Ummi. Aka kai mu wani ɗakin taro mai sanyi kamar randa, aka zaunar da abokan tarayya a layin ƙarshe, daf da ƙofar da masu shayi ke shiga da fita. Wata baƙuwa ta zo wucewa ta miƙo mini kofin da ta gama sha. Na karɓa na ajiye a ƙasa.

Duktura Babba ta hau ta yi ta bayani, hotuna suna fitowa a bango. Sai ga Rabi, ƙatuwa, kai a sunkuye, hannu a kan 'yar riga. Fuska ba ta fito ba, amma duk wanda ya taɓa gaisawa da ita ya san ita ce. Na shekara da yawa a garin nan, babu Larabcin da zai wuce ni, Rabi ma haka. Duktura ta ce babbar matsalar Takarna ba talauci ba ce, rashin damuwa da 'ya'ya ne. Ta ce ga wata da ba ta san yawan abin da ta haifa ba, ɗanta ya mutu ta manta sunansa, to irin waɗannan ko an ba su sakamako me za su yi da shi. Ta buɗe hannu, ɗaki ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba, dariyar masu ƙoshi. Wafa tana zaune a gaba, idonta a kan takalminta.

Na miƙe na ce ina da magana. Aka ce lokaci ya ƙure. Aka sa mutane suka juyo suka tafa mana, aka miƙo mini wani farantin gilashi mai rubutun zinariya. Sakamako kuwa babu. Daga baya na ji ashe tun ranar farko ba a haɗa jininmu da sunan kowa ba, an zuba shi cikin jimla. Ya isa a ƙirga, bai isa a mayar wa mai shi da amsa ba. Sai da muka sauka a Kudai Rabi ta gyara goyo ta dube ni.

"Iya, ke kika ce."

Wannan ita ce muguwar shekarata, ta fi shekarar korona. In tsaya a ƙasan bene in ce masu gida Asabe ce, in ji an rage murya a ciki, sakata ba ta motsa ba. Aka yi wani kame a unguwa, irin wanda ake yi kullum, sai aka ce hotunan nan ne aka kai jawazat. Ba gaskiya ba ne, amma wa zan rantse wa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, kowa kuma ya san wace ce tsagar. Mata suka koma kiran wata yarinya da ta koyi ungozomanci a waya. Sau ɗaya aka aiko mini wajen wata mai haihuwa, da azahar, bayan an makara. Mabiya ta ƙi faɗowa, yarinyar ta kama cibiya tana ja kamar guga, jini ya cika leda. Na dafe marar da hannu ɗaya na murza, na sa aka tare mota, ban ɗaga hannun ba har mustashfa. Matar ta rayu, aka mayar da ita gida Najeriya da jaririnta, mijin har yau ba ya amsa sallamata. Da hajji ya zo, da furfurata na tafi Arfa wankin tukwane. In na wuce ta benen su Rabi kuma sai in jiyo kukan Ummi, irin kukan da na sani, in tsaya in saurara in wuce.

Shekara ta kewayo sai ga Wafa ita kaɗai, ta hau dutse da ƙafarta tana haki. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Na zuba ruwa a kofi na miƙa mata ina kallo, ta shanye. Ta fara da gaskiya, wannan kam na yaba mata. Ta ce masu ɗaukar nauyin binciken sun ce sai an yi zagaye na biyu, sai kuma an nuna cewa da bakin mutanen unguwa a ciki, shi ya sa aka aiko ta. Sannan ta faɗi nata. Ta ce bayan taron ta ba kakarta labarin matar da ta manta sunan ɗanta. Tsohuwar ta dube ta ta ce, tun da kike, kin taɓa jin na kama sunan ubanki? Wafa ta ce ita duk tsawon rayuwarta ta ɗauka kakarta ba ta ƙaunar babanta ne, ashe ɗan fari ne. Ta ƙara da cewa a ofis ma in an ce gidajen baƙaƙe, ita ake duba, in an zo jera sunaye kuma nata ne na ƙarshe.

Na ce, "Allah sarki, 'yar nan. Ashe kin san zafin wutar, kika tattare abaya kika bar mu a ciki."

Na ce mata ƙofofin da take nema sun fita hannuna, sai dai a tambayi masu su. Na bi matan unguwa ɗaya-ɗaya a wajen suna da wajen gaisuwar mutuwa, inda ba a iya korar mutum, har suka yarda suka taru. Suka ce ba a ƙara taɓa jinin ɗan kowa sai an yarda sakamako zai dawo ɗakin uwarsa, da baki, da Hausa. Suka ce inda ake shirya tambayoyi sai namu sun zauna. Suka ce Duktura Babba ta janye maganarta a gaban waɗanda suka yi dariya.

Amsa ta dawo. Na farko an yarda. Na biyu an ba mu kujera ɗaya. Na uku kuwa, Duktura ta ce bincike ba ya janye magana don tatsuniyar tsofaffi. Amma ita mai adalci ce, in matar ta san sunan, ta zo taro na gaba ta faɗa a gaban jama'a, ita kuma za ta gyara.

Wannan saƙon muka ɗauka zuwa benen su Rabi, ni da Wafa, da la'asar. Na yi kira, shiru. Wafa ta matsa jikin ƙofa ta yi magana da guntuwar Hausar da ta roro wurin kakarta, tana cikewa da Larabci. Ta ba da haƙuri nata na kanta. Ta ce tsohon jinin ya ɓace cikin jimla, amma ta zo da allura, in an ba ta Ummi ita da kanta za ta kai jinin ta dawo da amsa. Sannan ta faɗi sharaɗin Duktura, murya ƙasa-ƙasa. Muka daɗe a tsaye. Can sai muryar Rabi ta fito ta bayan ƙofa, ba faɗa, ba kuka.

"Yana raye ban kama sunansa ba. Da aka fita da shi ban kama ba. Sai yau zan kama don Balarabiya ta yarda ni uwa ce? Ki ce mata ta riƙe dariyarta."

Aka zare sakata. Ƙofa ta buɗe kaɗan, aka turo Ummi waje, aka mayar. A kan matakala na ɗora yarinyar a cinya, Wafa ta durƙusa ta nemi jijiya. Ba a daɗe ba ta dawo da ƙafarta, ta tsaya a bakin ƙofar nan ta faɗa, ni ina juyawa. Sikila ce. Ta kawo magani, ta ce a yawaita mata ruwa, a kiyaye ta da sanyin na'ura, zazzaɓi ko kaɗan kada a kwana da shi, ta kuma shirya ta hannun ƙungiyar unguwa inda za a riƙa duba ta ba a tambayi takarda ba. Da matan unguwa suka ji amsa ta dawo ɗaki ɗaya, sakatu suka fara motsi, ba duka ba.

Duktura Babba ba ta taɓa janye komai ba. Ta dai daina cewa Takarna, yanzu jaliyar Afirka take cewa, wato al'ummar Afirka, da hanci iri ɗaya. An ƙara mata girma, har taro take zuwa ƙasashen waje tana koyar da yadda ake tarayya da talakawa. Ɗalibar da ta ce in buɗe ƙofa ta zama likita, na ji an ce tana da hannu mai kyau. Wafa ta sha harara a wurin aiki, aka bar ta a baya wajen ƙarin girma, amma har yau tana hawa dutse, Hausarta ta yi ƙwari har tana ciniki da ita. Kujera ɗayar nan ni na fara zama a kai. Ina gyara musu tambaya, wani lokaci su ɗauka, wani lokaci su yi murmushi su wuce. Da gwiwa ta ƙi, na bar wa wata. Mijin Rabi an kama shi sau ɗaya an mayar da shi, ya sake dawowa da umra. Ummi tana nan, ta yi tsayi, ciwon yana kayar da ita yana tashi, amma tana nan.

Rabi ta ƙara haihuwa biyu bayan nan. Muna gaisawa, in ta ji ba ni da lafiya takan aiko Ummi da kunu. Amma ba ni na yanke cibiyoyin ba, ban kuma tambaye ta dalili ba.